Fansho da Harajin Kuɗin Shiga: Matsayin Tsofaffin Ma'aikatan Ƙaramar Hukuma a Gwaram da Birnin Kudu

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin tushen da ya hana a yanki haraji daga fanshon tsofaffin ma'aikata a kudancin Jigawa. Ta gano cewa garkuwar ɗan fanshon jiha da na ƙaramar hukuma tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, ba a dokar haraji ba, kuma fansho kaɗai ta rufe, ban da sauran abin da mai shi ke samu.

Gabatarwa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar Dokar Haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, tambaya ɗaya ke yawo a bakin waɗanda suka ajiye aiki: "Za a taɓa mana fansho?" Tambayar tana da nauyi a Gwaram da Birnin Kudu, domin 'yan fanshon yankin ba tafiyarsu ɗaya ba. Tsohon ma'aikacin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana ƙarƙashin tsarin tarayya, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8, gwamnati kashi 10. Malamin firamare da magatakardan ƙaramar hukuma kuwa suna cikin tsarin karo-karo na Jigawa, wanda aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, inda ma'aikaci ke ba da kashi 8, gwamnati kashi 17.

Ra'ayoyin da Ake Jayayya da Su

Masu fargabar sabuwar doka ta ɗora wa fansho haraji ba sa buƙatar doguwar amsa, don dokar da kanta ta yafe fanshon da ake biya a ƙarƙashin dokar fansho ta tarayya. Waɗanda maƙalar ke ja da su su ne masu kwantar wa kowa hankali da sashe na 10 na Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Gaskiya ne sashen ya cire haraji daga gudummawar da ake zubawa, da ribar da asusu ke samu, da haƙƙin da ake biya bayan ritaya, sai dai ribar gudummawar ganin-dama idan aka cire ta kafin shekara 5. Amma haƙƙin da yake nufi shi ne wanda aka biya a ƙarƙashin waccan doka, kuma yafiyar 2025 ma a kanta ta jingina. Tsarin Jigawa dokar jiha ce ta haife shi, kuma gininsa daban ne: asusu ɗaya ne na kowa, ana lissafa haƙƙin mutum da albashinsa da shekarun aikinsa. Wanda ya miƙa wa malamin Gwaram sashe na 10 ya ara masa rigar da ba don shi aka ɗinka ba.

Hanyar Bincike

An karanta nassoshin dokoki huɗu, an gwama su: Kundin 1999, Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 1993, dokar 2014 da ta 2025.

Sakamako

Ƙaramin sashe na 4 na sashe na 210 na Kundin 1999 ya hana a yanki haraji daga fanshon da aka samu ta hidimar jiha, kamar yadda na 173 ya yi wa ma'aikatan tarayya. Abin da aka cika tsallakewa shi ne: shin wanda ya ƙare aikinsa a sakatariyar Gwaram, hidimar jiha ya yi? Sashe na 318, mai fassara kalmomin kundin, ya raba gardama. Cikin waɗanda ya lissafa a aikin gwamnatin jiha akwai ma'aikatan kowace majalisar ƙaramar hukuma, da na makarantun da gwamnatin jiha ta kafa ko take ɗaukar mafi yawan nauyinsu. Ke nan mai duba-gari, da malamin asibitin ƙauye, da wanda ya koyar a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, duk inuwa ɗaya ce ta lulluɓe su.

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Yafiyar da ke cikin dokar haraji, Majalisar Dokoki ta Ƙasa na iya janye ta da gyara ɗaya. Wadda ke cikin kundi kuwa, sashe na 9 ya ce sai an samu kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisar, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Sashe na 1 kuma ya rushe duk dokar da ta ci karo da kundin. A Ingila fanshon gwamnati yana shiga lissafin haraji da zarar kuɗin shigar mutum ya haura fam 12,570 a shekara, a Amurka ma ana iya sa wa kashi 85 na fanshon tarayya haraji. Tsohon ma'aikacin Gwaram ya fi 'yan fanshon ƙasashen biyu ƙarfin kariya a takarda, kuma haƙƙinsa ne ya san haka.

Sashe na 210 ɗin nan dai, a ƙaramin sashe na 3, ya wajabta a sake duba fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka gyara albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Ba banza aka jera shi da na 4 wuri guda ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80. Fanshon da aka tsare daga mai karɓar haraji, aka bar shi ga tsadar masara da magani, an kare shi daga kura ne an bar wa gara.

Iyakar garkuwar ita ce fansho. Tsohon malamin da ke ba da hayar shago ko yake kai shanu kasuwar Sara, ribarsa kuɗin shiga ce. A sabuwar doka naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, abin da ya biyo baya kashi 15 ne har zuwa miliyan 3. Misali, mai ribar naira miliyan 1 zai biya naira 30,000, ba tare da an haɗa fanshonsa a lissafin ba.

Iyakokin Bincike

Nazarin nassi ne, ba a duba takardun biyan kowa ba. Ƙaramin sashe na 4 fansho ya ambata, bai ambaci garatuti ba; a kansa akwai hukuncin Kotun Ƙararrakin Haraji na 2019 tsakanin Nigerian Breweries da hukumar harajin Abiya, wanda ya ce babu haraji a kai. Wannan bai raunana abin da aka gano ba.

Kammalawa

Ya kamata hukumar fansho da ta haraji a Dutse su fitar da bayani da Hausa, su ambaci sashe na 210 da na 318 da sunansu. Ƙungiyar 'yan fansho a Gwaram da Birnin Kudu kuma ta mai da ƙarfinta kan ƙaramin sashe na 3. Na huɗun ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Na ukun ne ke jiran a cika shi duk shekara biyar.