Hazon Da Ake Hangowa Tun Daga Chadi

Sau da yawa mukan karanta labarin da aka kai jarumi Landan don kawai dusar ƙanƙara ta zubo masa, alhali muna da namu baƙon na lokacin ɗari: hazo. A Rurum Tsohon Gari akan wayi gari duwatsu sun ɓace wa ido, ruwan Tiga ya haɗe da sama. Hasashen ranar zuwan wannan baƙo yana da tarihi.

Malamanmu na da sun raba shekara zuwa taurari 28, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari, kusan kowane da kwana 13. Lissafin yana gaya wa manomi lokacin sanyi, amma ba ya faɗin ranar da ƙura za ta rufe gari. Ba a ma matsu da sanin ranar ba, don ayarin fatake ba ya fasa tafiya saboda hazo.

Jirgin sama ne ya kawo matsuwar. A Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana bi da su ta Kano, Maiduguri da Khartum zuwa Alƙahira. Matuƙin da bai ga fili ba, ina zai sauka? Dole masu auna yanayi suka nemo inda ƙurar take tasowa. A 1945 biyu daga cikinsu, Hamilton da Archbold, suka wallafa nazarin da ya nuna yankin Faya, a arewacin Chadi.

Kusa da Faya akwai kwarin Bodele, wanda a zamanin da ƙasan Tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin yake kamar teku. Da ruwa ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Wato farin da ke kwanciya a girarmu da kan akushi, wani kasonsa tsohon tafki ne. Idan sanyin Turai ya ƙetaro Bahar Rum, iska mai nauyi takan taru a kan Libiya, ta turo kudu. Duwatsun Tibesti da na Ennedi su matse ta kamar ruwa a mazurari, ta fito da gudu. Da dare tana bi ta sama-sama ne. Sai rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa, sannan ta sauko ta kwashi ƙurar. Shi ya sa guguwar Bodele ta fi tashi da hantsi.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne, kuma a ganinmu nan kyansa yake. Tsakanin Faya da Kano fiye da kilomita 1,000 ne, ƙura kuwa takan ci kwana ɗaya ko biyu a hanya. In rahoto ya zo cewa Faya ta rufe, ma'aikacin Kano ya san abin da ke tafe. Yau hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana ƙarawa da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta, amma har yanzu Chadi da Nijar ake fara duba.

Ba kowa ne ke ƙin baƙon ba. Mai asma yana fargabarsa, direban hanyar Rano yana kunna fitila da rana tsaka. Manomin alkama na Kadawa kuwa, da ke ban ruwa daga Tiga, sanyin da ke rako hazon yake roƙo, don in ɗari ya yi gajarta, ƙwayar ba ta cika.