Korona da masu cutar sikila: abin da ke faruwa a jiki, da halin da Kano ta shiga

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, gadonta ake yi daga uwa da uba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai ita kan lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, ko ruwan jiki ya ragu, ko zazzaɓi ya yi tsanani. Daga nan sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya tashi a ƙashi da gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a Najeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa.

Korona tana jawo waɗannan abubuwa uku a lokaci guda. Huhu take kamawa ta rage oksijin, tana zuwa da zazzaɓi mai ƙone ruwan jiki, sannan tana sa jini saurin daskarewa a jikin da dama jininsa ba ya gudana sumul. Ga shi kuma saifar yawancin masu sikila kan lalace tun suna yara, don haka ƙwayoyin cutar da ke biyo bayan korona ba sa samun turjiya sosai.

Babban abin tsoro shi ne matsanancin ciwon ƙirji na masu sikila, inda jini ke toshewa a cikin huhu. Alamominsa su ne zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, wato alamomin korona sak. Korona na iya tayar da shi, kuma sau da yawa maganinsa ya haɗa da oksijin da ƙarin jini ko musanya shi. Wani abin lura kuma: da dama daga masu sikila da suka kamu, ciwon ƙashi ne ya fara kai su asibiti, ba tari ba. A gidan da aka saba da tashin ciwon, abu ne mai sauƙi a ce na kullum ne, ko a ɗora wa zazzaɓin cizon sauro.

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su daga waje suka zo. Wani kundin bayanai a Amurka ya tattara masu sikila 178 da suka kamu a farkon annobar a 2020: kashi 69 cikin ɗari an kwantar da su, kashi 7 suka rasu, alhali matsakaicin shekarunsu bai kai 30 ba. Binciken da aka wallafa a 2021 kan bayanan marasa lafiya a Ingila ya nuna haɗarin kwanciya asibiti ya ninka kusan sau huɗu ga mai sikila, na mutuwa kuma fiye da sau biyu. Manya masu matsalar ƙoda ko huhu sun fi yara shiga haɗari. Ka tuna, waɗannan ƙasashe ne da ba a neman oksijin a rasa.

A Kano, an tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 11 ga Afrilu, 2020, kuma ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a ƙwaryar birni, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona. Kullen ya faɗo cikin bazara da azumi, lokacin da ƙishirwa kaɗai kan tayar da ciwon sikila.

A nan ne nisa ya zama rabin cutar. Ƙwararrun likitocin jini da na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara suna birni, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, inda aka yi binciken haɗin gwiwa da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan maganin hydroxyurea don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Mai sikila a Kademi ko ƙauyukan Ajingi kuwa, sai ya fara isa Babban Asibitin Gaya, in abin ya fi ƙarfinsu a bi ta Wudil zuwa Kano. Da aka hana zirga-zirga, hanyar karɓar magani da ta masu ba da jini duk suka ƙuntata. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a 2024 ta dubi waɗanda ba a haifa ba. Waɗanda ke raye da cutar, buƙatarsu oksijin da ma'ajiyar jini ce kusa da gida.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci kan korona, amma ƙwayar cutar na nan tana yawo. Likitoci na ba masu sikila shawarar yin allurar rigakafi, da ci gaba da shan magungunansu na kullum, da yawaita shan ruwa. Maganin dexamethasone da ya yi suna lokacin annobar na iya tayar musu da ciwo, don haka ba abin saye a kemis ba ne. Zazzaɓi tare da ciwon ƙirji ko haki kuwa, asibiti ake nufa da shi a ranar.