Daga Zuga-zugi Zuwa Injin Walda: Tarihin Haɗa Ƙarfe Da Ƙarfe

Haɗa ƙarfe biyu su zama abu guda yana daga cikin tsofaffin matsalolin sana'a, kuma Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin maganinta. Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera daga Gaya ne suka sauka a gindin Dala saboda neman tama, binciken masana kuwa ya gano alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, haka kuma a Samaru kusa da Zariya an tono tsofaffin wuraren narka ta. Dabarar maƙerin gargajiya ita ce ya zuga gawayi da zuga-zugi har bakin ƙarafan biyu ya yi fari, sa'an nan ya ɗora su bisa uwar maƙera ya yi ta dukansu da masaba har su kama juna. Da wannan hanya aka ƙera fartanya da garma da gatari da manoman Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka yi noma da su shekaru aru-aru. Amma dabarar tana da iyaka, domin ba ta haɗa abin da ya fi ƙarfin awartaki, watau abin da mutum ba zai iya sa shi a wuta ya juya shi ba.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan iyaka. Sa'ad da suka fara gina jiragen ruwa da gadoji na ƙarfe, sai suka riƙa huda faranti biyu suna zura musu jar ƙusa mai zafi, suna dukan kanta har ta baje. Da irin wannan aiki aka yi gadoji da taragon jirgin ƙasa na zamanin da hanyar dogo ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Aiki ne mai ƙarko, sai dai yana cin mutane da lokaci, kuma yana ƙara nauyi.

Zuwan wutar lantarki

Tun farkon ƙarni na 19 masana suka lura cewa idan lantarki ya tsallaka ɗan giɓi tsakanin sanduna biyu, yakan haifar da harshen wuta mai tsananin haske. Zafinsa ya haura digiri 5,000, alhali ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. A 1885 wani Barashe, Nikolai Benardos, ya sami takardar mallakar dabarar haɗa ƙarfe da wannan wuta, yana amfani da sandar gawayi. A 1888 wani ɗan ƙasarsa, Nikolai Slavyanov, ya maye gurbinta da sandar ƙarfe, wadda ita da kanta take narkewa ta cike gaɓar.

Ɗinkin farko bai yi ƙwari ba, saboda narkakken ƙarfe yana shan iska, iskar kuwa tana sa shi ya yi ƙofofi ya yi gautsi. Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ne ya magance wannan a 1907, da ya lulluɓe sandar da wani haɗin ƙasa wanda yake ƙonewa ya kare ɗinkin daga iska. Wannan ita ce kakar sandar walda da ake sayarwa a kasuwannin Funtuwa da Katsina. A 1920 aka saki jirgin ruwa mai suna Fullagar a Ingila, wanda aka haɗa jikinsa duka da walda.

Yadda inji ya karɓi aikin

Mai walda da hannu yana da abubuwa uku da zai kiyaye a lokaci guda: tazarar sanda daga ƙarfe, saurin tafiyar hannu, da sauya sanda idan ta ƙare. Hannu yakan gaji, kowace tsayawa kuma wuri ne da aibi zai iya ɓuya. Saboda haka a 1920 P. O. Nobel na kamfanin General Electric a Amurka ya ƙera inji mai turo doguwar waya daga naɗi, yana daidaita saurinta da kansa. Amma wayar ba ta da lulluɓi, sai tsohuwar matsalar iska ta dawo.

Amsar ta fito daga wata masana'antar bututu a jihar Pennsylvania wajen 1930, aka kuma inganta ta a 1935. Maimakon a lulluɓe wayar, sai aka lulluɓe gaɓar kanta. Injin yana tafiya bisa ƙaramin dogo, yana zuba wani gari mai kama da yashi a gabansa, wayar kuma tana nutsewa cikin garin ta ci wuta a ƙarƙashinsa. Ba a ganin haske, ba tartsatsi, hayaƙi kaɗan. Garin da ya narke yakan daskare ya zama ɓawo a ɓamɓare shi, wanda bai narke ba kuwa a zuƙe shi a sake amfani da shi. Tun da zafin ba ya watsewa, ana iya tura ƙarfin lantarki da ya ninka na waldar hannu sau da yawa, a ɗinke faranti mai kauri a tafiya ɗaya ko biyu.

A nan ne maganar ɗinkin kwance ta samo asali. Gari ba ya tsayuwa a tsaye, narkakken ƙarfe kuma gangarowa yake yi. Don haka wannan inji yana aiki ne idan gaɓar tana shimfiɗe a ƙasa, ko kuwa tana tafiya a kwance a jikin bango. Masana'antu sai suka koyi juya aikin domin ya dace da injin: bututu a ɗora shi bisa tayoyi ana mirgina shi a ƙarƙashin waya. Babban tankin mai kuwa ba ya mirginuwa, sai aka rataya injin a bakin faranti na sama, yana zagaya tankin, da wani ɗamarar roba da ke tallafe garin a daidai gaɓar don kada ya zube.

Darasin Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙi ne ya nuna ƙarfin wannan dabara. Evgeny Paton ya kafa cibiyar binciken walda a birnin Kiev a 1934. Da Jamus ta mamayi Tarayyar Sobiyat a 1941, aka kwashe cibiyar zuwa Nizhny Tagil, inda injinansa suka riƙa ɗinke jikin tankokin yaƙi samfurin T-34, a hannun mata da matasa waɗanda suka sami horo na ɗan lokaci. A Amurka kuwa an gina jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 daga 1941 zuwa 1945, har ɗaya daga cikinsu aka harhaɗa shi cikin ƙasa da kwana biyar a Nuwamba 1942.

Yaƙin ya kuma nuna haɗarinta. A Janairu 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya tsage gida biyu yana tsaye a tashar Portland. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta tabbatar da cewa irin ƙarfen da aka yi amfani da shi yana yin gautsi cikin sanyi. A jirgi mai ƙusoshi tsaga takan tsaya a bakin faranti, a jirgin walda kuwa, tun da jikin ya zama guda, babu abin da zai tare ta. Daga nan aka tsananta gwajin ƙarfe da duba cikin ɗinki da hoton na'ura kafin a amince da shi.

Rabon Arewacin Nijeriya

Walda ta shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta manyan ayyukan gwamnati. Kamfanin Chiyoda na Japan ya gina matatar mai ta Kaduna, aka buɗe ta a 1980, bututun mai kuma ya miƙa zuwa ma'ajiyoyin Kano da Gusau. A 1982 aka buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda aka tsara ta fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara, daga baya aka sayar da ita ga 'yan kasuwa. Masana'antar Ajakuta da aka fara a 1979 da taimakon Sobiyat, wadda ya kamata ta zama uwar waɗannan duka, ba ta kai ga narka tama ba. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Irin wannan bututu ana ɗinke shi a masana'anta da injin nan mai gari, a fili kuma a haɗa shi gaɓa-gaɓa. In an ƙiyasta kowane yanki mita 12, gaɓoɓin sun kai wajen 50,000.

Ƙofa ta biyu ita ce ta bakin titi. A garuruwan da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da kasuwar Panteka a Kaduna, masu walda suna ƙera ƙofofi da tagogi da amalanke da injin casar masara, suna gyaran garmar shanu, sau da yawa da injin da aka naɗe wayarsa a gida, bisa janareta. Yawancinsu a wurin maigida suka koya, kamar yadda ɗan maƙeri ya koya a wurin ubansa.

Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu akwai rata, kuma ita ce abin da ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su dubi. Injin walda bai kori gwani ba a ko'ina. Shi ne yake daidaita bakin faranti, ya zaɓi waya da gari, ya saita lantarki, ya gyara inda inji ya kasa. Amma babban aiki ba ya karɓar mai walda sai da takardar shaidar gwaji, abin da yaron Faskari ko Sabuwa ba ya samu a rumfar maigidansa, komai kyan hannunsa. Dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai da gas ta 2010 ta buɗe hanya, sai dai doka ba ta koyar da ɗinki. Idan makarantun fasaha irin na Kaduna da Katsina suka sami injina da wuta da ikon gwada masu sana'ar hannu su ba su shaida, to jikokin maƙeran wannan yanki za su shiga aikin bututu da tanki a matsayin gwanaye. Idan kuwa ba haka ba, za a ci gaba da ɗauko su daga nesa, na gida suna dakon yashi a gefen aikin.