Sayen kamfanin fina-finan katun: riba ce ko asara ga manyan kamfanonin nishaɗi?

A watan Janairun 2006 kamfanin Disney na Amurka ya sanar da sayen Pixar a kan dala biliyan 7.4. Bai biya da tsabar kuɗi ba, da hannun jarinsa ya biya. A lokacin masu sharhi da dama sun ce farashin ya yi tsada, domin fina-finai shida kacal Pixar ya fitar tun daga Toy Story na 1995. Wannan ciniki shi ne ake fara kawowa misali duk sa'ad da aka tambayi ko sayen kamfanin katun yana da amfani.

Abin da ya tura Disney shi ne rauninsa. Fina-finan zanen da yake yi da kansa sun daina jan jama'a, alhali na Pixar, waɗanda shi Disney ɗin ne ke rarraba su, suna ta cika gidajen sinima. Ga kuma saɓani tsakanin shugaban Disney na wancan lokaci, Michael Eisner, da Steve Jobs mai Pixar, har ta kai a 2004 tattaunawar sabunta yarjejeniyarsu ta watse. Da Bob Iger ya karɓi ragama a 2005 sai ya zaɓi ya sayi kamfanin gaba ɗaya. Jobs ya zama mutum mafi yawan hannun jari a Disney, aka kuma ɗora John Lasseter da Ed Catmull na Pixar a kan sashen zanen Disney.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ake yawan mantawa. Disney ya sayi mutane ne da salon aikinsu. A ƙarƙashinsu sashen nasa ya farfaɗo, ya fitar da Tangled a 2010 da Frozen a 2013, wanda ya tara sama da dala biliyan 1.2. Kuɗin tikiti ma ba su ne duka ba. Jarumin katun ba ya tsufa, ba ya neman ƙarin albashi, ana sa masa murya da Faransanci ko Larabci cikin sauƙi, kuma hotonsa na kan jakunkunan makaranta da riguna da kayan wasan yara. Motocin fim ɗin Cars kaɗai sun kawo biliyoyin daloli ta wannan hanya.

Sai dai ribar ba ta tabbata kullum ba. Lokacin annobar korona an kai Soul da Luca da Turning Red kai tsaye manhajar Disney+, Lightyear na 2022 ya gaza a kasuwa, a 2024 kuma Pixar ya sallami ma'aikata kusan 175. A wannan shekarar dai Inside Out 2 ya tara sama da dala biliyan 1.6. Fim guda yakan ci shekara huɗu ko biyar ana aikinsa, don haka faɗuwa ɗaya tana daɗewa ba a warke ba.

Blue Sky, masu Ice Age da Rio, su ne misalin ɓacin lamarin. Sun shiga hannun Disney a 2019 cikin cinikin kamfanin Fox, suka tarar gidan yana da rassan katun biyu. A 2021 aka rufe su, daruruwan ma'aikata suka rasa aiki.

Kamfanin Universal ya bi wata hanya, wadda ta biyo ta Faransa. Reshensa Illumination ya yi Despicable Me (Moi, moche et méchant) a 2010 tare da masu zanen kamfanin Mac Guff na birnin Paris, bayan fim ɗin ya karɓu sai aka sayi sashen katun na Mac Guff a 2011. Minions na 2015 an kashe masa ƙasa da dala miliyan 80, ya dawo da sama da biliyan ɗaya. Kafin a saya an riga an gwada aiki tare, kuma farashin bai kusanci na Pixar ba. Daga baya, a 2016, Comcast mai mallakar Universal ya ƙara da DreamWorks Animation, masu Shrek da Kung Fu Panda, a kan dala biliyan 3.8.

A Afirka kuwa Disney bai sayi kowa ba. Haɗin gwiwa ya yi da Triggerfish na Afirka ta Kudu a shirin Kizazi Moto na 2023, da kuma Kugali a shirin Iwájú na 2024, wanda labarinsa ke gudana a Legas.