Chrysler: Kamfanin da Ya Saba Faɗuwa da Tashi

Walter P. Chrysler bakanike ne na jirgin ƙasa a jihar Kansas ta Amurka kafin ya koma harkar mota. Ya shugabanci Buick, ya ajiye, sai aka kira shi ya tsamo kamfanin Maxwell da bashi ya yi wa katutu. A kan wannan kamfani mai jinya ya kafa Chrysler a 1925. Shekara uku kacal, a 1928, ya saye Dodge, ya fito da Plymouth, ya shiga sahun manya uku na Detroit tare da Ford da General Motors.

Ciwon da aka haife shi da shi bai taɓa rabuwa da shi ba. A 1979 ya kai gargara, har gwamnatin Amurka ta tsaya masa a kan bashin dala biliyan 1.5. Shugaban kamfanin, Lee Iacocca, ya biya abin da aka ranta a 1983, shekara bakwai kafin wa'adi, kuma a 1987 ya saye American Motors, wanda ya zo masa da Jeep. Wannan shi ne cinikin da ya fi kowanne albarka a tarihinsa. Auren da aka ɗaura da Daimler na Jamus a 1998 kuwa bai yi ƙarko ba: a 2007 Jamusawa suka sallama wa kamfanin zuba jari na Cerberus kashi 80.1 cikin ɗari, suka kama gabansu.

Da galan ɗin fetur ya haura dala 4 a 2008, ga kuma tattalin arziki ya durƙushe, manyan motocin Chrysler masu zuƙar mai suka yi kwantai. Ranar 30 ga Afrilu, 2009, kamfanin ya shiga kotu a matsayin wanda ya karye. Gwamnatin Obama ta gindaya sharaɗi: ba ƙarin tallafi sai ya haɗe da Fiat na Italiya. Shugaban Fiat, Sergio Marchionne, ya karɓi kashi 20 ba tare da ya ajiye ko sisi ba. Abin da ya kawo shi ne fasahar ƙananan motoci masu tsimin mai.

A wannan watan na Afrilu ne kuma cibiyar IIHS, ta kamfanonin inshora, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ya tada hankalin masu sayen ƙananan motoci. Ta haɗa ƙananan motoci gaba da gaba da matsakaita na kamfani ɗaya, kowacce na gudun kilomita 64 a awa: Yaris da Camry, Fit da Accord, Smart da Mercedes C. Duk ƙananan ukun suka sha kashi, Smart ma sai da ta tashi sama ta juya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In an yi karo, mai nauyi ce ke tura marar nauyi baya, kuma guntun hanci ba shi da wurin lotsewa ya shanye ƙarfin bugu kafin ya iso ƙafafun direba.

Fiat 500, wadda aka harhaɗa a Toluca ta Meziko, ta shiga kasuwar Amurka a 2011, ta kuma ci gwaje-gwajen farko na IIHS. Amma a sakamakon Janairun 2014, inda ake buga kwatar gaban mota ta wajen direba a jikin shinge, ta faɗa cikin na ƙarshe a ƙananan motoci 11. Ƙofar direba ta buɗe bayan maƙalanta sun yage.

A ganina, nan lissafin Washington ya kuskure. An kawo Fiat don ya koya wa Chrysler ƙaramar mota, sai ga shi Jeep da akori-kurar Ram ne ke ciyar da gidan, har da na Italiya. A 2014 Fiat ya saye sauran hannun jarin, a 2019 aka janye 500 daga Amurka, a 2021 kuma aka haɗe da kamfanin Peugeot, wanda mutanen Kaduna suka daɗe da sani, aka raɗa wa haɗakar suna Stellantis.