Tarihin Manhajar Ajiya Mai Kulle

Tun fil azal mai ba da ajiya yana da fargaba biyu: kada kayansa su salwanta, kada kuma mai riƙon ajiyar ya buɗe ya ga abin da ke ciki. Haka abin yake ga wanda ya tara rubuce-rubucensa a kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin manhajojin da ke kwafe bayanai da kansu a kan lokaci, su kulle su, sa'an nan su aika da su ajiya ta intanet.

Tushen al'amarin yana komawa ga shekarar 1983, lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka. Ra'ayinsa shi ne a bar asalin rubutun manhaja a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga zancen kulle, domin in ba a ga cikin kwaɗo ba, babu tabbacin cewa maƙerin bai rage wa kansa mabuɗi ba.

Kwaɗon ya samu ne a 1991, sa'ad da Philip Zimmermann ya fito da PGP, manhajar da ke juya rubutu ya zama wani irin zaurance wanda sai mai mabuɗi ke iya warwarewa. A wancan zamani dokar Amurka ta lasafta irin wannan kulle cikin kayan yaƙi, waɗanda ba a fitarwa waje sai da izini. Saboda haka aka yi ta bincikensa daga 1993 har 1996, aka kuma bar maganar ba tare da an gurfanar da shi ba. A 1997 wani Bajamushe, Werner Koch, ya fito da GnuPG, mai yin aiki iri ɗaya bisa ƙa'idar GNU.

Saura matsalar aikawa, domin intanet ɗin lokacin tafiyar hawainiya yake yi. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras na wata jami'a a Kanbera, ƙasar Ostireliya, suka fito da rsync. Dabararta ita ce ta yanka fayil gunduwa-gunduwa, ta gwada sabo da tsoho, ta aika da abin da ya sauya kaɗai. Alal misali, ɗalibin da ya gyara shafi ɗaya cikin kundin digirinsa, ba sai ya sake aika kundin duka ba.

A 2002 Ben Escoto ya haɗa dabarun biyu cikin manhajar duplicity: rsync ta tsamo sauyin, GnuPG ta kulle shi tun bai bar kwamfutar mai shi ba. Da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya mai suna S3 a 2006, sai rumbu ya samu ga mai ƙaramin ƙarfi. Daga baya restic da Borg suka biyo baya, waɗanda ba sa ajiye gunduwa ɗaya sau biyu.

Amma rumbun ma yana iya halaka. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, kuma waɗanda asalin bayanansu da kwafin duk suke wuri guda suka tashi a tutar babu.

A taƙaice, wannan tarihi ya ba ɗan Adam damar ba baƙo ajiya ba tare da ya ba shi mabuɗi ba. Sai dai nauyin ya dawo kan mai kaya: ya raba kwafi wurare dabam-dabam, ya riƙa gwada maido da su, ya kuma adana kalmar sirrinsa. Ranar da ta ɓace, ko wanda ya rubuta manhajar ba shi da ikon buɗe masa.