Rajistar Gonaki a Tirmini

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, rajistar filaye da Faransa ta bari ba ta wuce manyan birane sosai ba. A karkarar Damagaram, irin su Tirmini, shaidar gona tana bakin mai gari da dattawa, kuma idan mashaidi ya rasu sai rigima ta tashi.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo hukumomin filaye da ake kira Kofo. Ta Miriya, wadda Tirmini ke ƙarƙashinta a lokacin (yanzu Tirmini tana cikin gundumar Takeita), tana cikin biyun farko a 1994. Kofo na ba da takardar gado, saye, kyauta, aro ko jingina, tana kuma shata burtalin makiyaya.

Wannan takarda kariya ce babba ga manomi.